Takardar da Na Ninke Gida Huɗu

Madarunfa, ranar Laraba

Zuwa ga ɗiyata Uwani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uban da bai taɓa gaishe ki a takarda ba. Ina fatan kin isa Zariya lafiya, kin huta gajiyar hanya, kuma garin ya karɓe ki. Allah ya tsare ki a inda idona bai kai ba, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da ciwo da mugun abokin zama. Kakarki Inna, takwararki, tana gaishe ki. Ni ma lafiyata ƙalau, in dai ta jiki ake nufi.

Kin manta ƙamus ɗinki na Ingilishi. Na ce kin manta ne don in rufa miki asiri, amma ni da ke mun san littafi mai nauyin bulo ba ya ɓuya a kan tabarma. Inda na miƙa miki shi, nan na same shi, ko juya shi ba ki yi ba. Ga shi na ba direban da zai kawo miki ƙuli-ƙuli da yajin Inna, takardar nan kuma tana cikinsa. Na san akwai waya, na san kin kira sau biyu tun ranar Asabar da kika tafi. Amma abin da zan faɗa ba na waya ba ne. A waya sai ki ce, "To, Baba, na ji," kati ya ƙare, kowa ya kama gabansa.

Gidan ya yi mini girma. Tun rasuwar mahaifiyarki ashe ke ce hayaniyar gidan nan, ban sani ba sai yanzu. Da safe har kukan tsuntsayen tabki nake ji daga tsakar gida, abin da rediyonki ya hana ni ji shekara da shekaru. Akuyar nan taki mai baƙin kunne tana zuwa ƙofar ɗakinki ta tsaya. Na kore ta sau biyu, na uku na ƙyale ta, don ni ma abin da nake yi ke nan. Ina kewarki ƙwarai, Uwani, kuma ban ga amfanin ɓoye miki ba.

Ranar da takardar makarantar koyon jinya ta zo, kina zaune a bakin rijiya kina karantawa, ni ina gyaran igiyar guga ina satar kallonki. Layin farko kin wuce shi da gudu. A na huɗu leɓɓanki suka tsaya, kika koma baya, kika sake tsayawa a wuri ɗaya. Na ce, "Kin gane?" Kika ce, "Na gane, Baba," tun ban rufe baki ba. Sai kika ninke takardar gida huɗu kika tura ta can ƙasan jaka. Na san wannan ninkin, don hannuna ne ya fara yin sa tun ba a haife ki ba.

Kin tashi kin tarar ana ce mini Mushe Ingilishi, wato Malam Ingilishi, ƙila kina zaton da shi aka haife ni. Ga yadda abin yake. Wata biyar kacal na yi a kolej, ƙaramar sakandare, mahaifinmu ya rasu, na bar lakwal, wato makarantar boko. Na samu ɗan tebur a tashar Ɗan Issa ina cika wa direbobi da ƴan kasuwa takardun duwan, wato kwastan, da Faransanci, wanda shi kam na iya daidai gwargwado. Ingilishi kuwa abin da na tsinta ne a bakin ƴan Najeriya: gaisuwa, ƙirga, da zagi guda biyu. Wata rana na gaida wani direban Kurmi da Ingilishi, ya amsa, ƴan tasha suka yi shewa, suna ya bi ni. Na ji daɗinsa, ban musa ba.

Ƙanena Illa, wanda ba ki taɓa gani ba sai a hoton nan na ɗakin Inna, bai yi lakwal ba. Kowace shekara in an gama girbin gero sai ya bi samarin garin Gabi ci-rani zuwa kudancin Najeriya, yana tura ruwa a kura, ya dawo da faɗuwar ruwan fari. Lokacin ba waya. In zai aiko saƙo, wani ɗan ƙasarmu ne ke rubuta masa da Hausa, ni in karanta wa Inna. A shekarar da nake ba ki labari, takarda ta zo ta hannun wani direba. Kafin in wanke ƙafa Inna ta kira maƙwabta mata, an shimfiɗa tabarma, an ajiye goro. Na buɗe na ga Ingilishi ne. Inna ta leƙa ta ga rubutun ba irin wanda ta saba gani ba ne, sai ta ce, "Ku zamna ku ji, wanga na gida ya iya abin nan na Turawa." Kin san ba ta kama sunana, ni ne ɗan fari.

Na duba takardar. Na gane sunan Illa. Na gane kalmar uwa da ta ɗan'uwa. Akwai wata kalma da ta yi kama da asibiti a Faransanci, na tsallake ta. Sauran kuwa ban san gabansu ba balle bayansu. Ga idon mata a kaina. Inna ta ce, "Mi yac ce?" Sai na gyara murya na karanta musu wasiƙar da ba wanda ya rubuta: yana gaida kowa da kowa, yana lafiya, aiki na tafiya, sai damina. Ai duk wasiƙun ƴan ci-rani haka suke, na ce a raina wannan ma ba za ta wuce haka ba. Mata suka yi barka, aka raba goro. Na ninke takardar gida huɗu na sa a aljihu.

A lokacin akwai malamin Ingilishi a garin nan, Mushe Yohanna, Kirista ne ɗan Maraɗi, yana haya a bayan kasuwa. Daga gidanmu zuwa ƙofarsa bai kai tafiyar da kike yi zuwa famfo ba. Sau uku na je har bakin zaurensa da takardar a aljihu. Sau uku na tuna gobe za a ji a tasha cewa Mushe Ingilishi ya kai wasiƙa a karanta masa, na juya. A na ukun ma ya fito ya gan ni, ya ce, "Lawali, lahiya dai?" Na ce wucewa nake yi.

Ruwan fari ya faɗi, samarin Gabi suka dawo. Ɗayansu ya yi sallama a ƙofarmu da jakar Illa da bargonsa. Ya ce ciwon ƙirji ne, ya kwanta kusan wata biyu a wani asibitin mishan, a can aka rufe shi. Inna ba ta yi kururuwa ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Yana kwance yana mutuwa, ya aiko mini yana lahiya? Ni Illa zai ɓoye ma ciwo?" Shekara talatin tana maimaita wannan magana. Kin sha jin ta in ta ɗauko hoton tana gogewa da bakin zane. Ni kuma ina zaune ina ji, ban taɓa cewa uffan ba.

To ga nasihata, in ita kaɗai kika riƙe ta wadatar. In ba ki gane ba, ki ce ba ki gane ba. Ki ɗaga hannu a gaban aji ki faɗa da ƙarfi. Za su yi dariya, su ce ƴar Nijar ba ta jin Turanci. Su yi, dariyar ba ta wuce kwana biyu. Aikin da kika je koyo aiki ne da za a rubuta sunan magani da yawansa a miƙo miki, ga mutum a kwance yana jira. A nan "na gane" ta ƙarya ba ke za ta kwantar ba, wani za ta kwantar.

Bayan sadakar arba'in na koma zauren Mushe Yohanna, wannan karon na shiga. Ban nuna masa takardar ba, kunya ba ta bar ni ba. Na dai ce ya koya mini daga farko, kamar ɗan aji ɗaya. Shekara uku ina zuwa bayan la'asar, ni da gemuna a kan benci. Abin da ya zuba a kaina shi zan juye miki, don kurakuran da na yi su za ki yi, tunda ni da ke duk da Faransanci aka yaye mu.

Aikin farko da ya ba ni, ya ce in rubuta labarin ranar kasuwa. Na cika shafi guda cur ba aya ko ɗaya, sai waƙafi, abin da kuke ce wa birgil a lakwal, na yi ta yayyafa shi kamar mai zuba gishiri. Bai gyara ba. Ya miƙo mini ya ce, "Karanta da ƙarfi, kada ka yi numfashi sai inda kag ga aya." Ban kai rabi ba idona ya yi ja, na tsaya ina haki. Matarsa tana daka a cikin gida, sai da ta ajiye taɓarya don dariya. Ya ce, "Ka gani? Magana guda, aya guda." Ki riƙe wannan. In kin gama magana ki sa aya, ki fara sabuwa da babban baƙi. Waƙafi ɗan hutu ne a tsakiyar magana ko tsakanin abubuwan da ake jerawa, ba ya iya ɗaukar jimla biyu a kansa.

Kowace jimla sai da mai yi da abin da ya yi, a jere: mai yi, aikin, sannan wanda aka yi wa. Siffa kuma a gaban suna take zama, ba a baya ba kamar yadda Faransanci ya saba miki, kuma ba ta canza kama ko abu ɗaya ne ko goma, ko namiji ko mace. Wannan ma sauƙi ne suka yi mana, ki gode musu.

Wadda ta fi wahalshe ni ita ce ƴar ƙaramar s ɗin nan da ake liƙa wa aiki in ana maganar shi ko ita: he goes, she works. Mushe Yohanna ya ajiye ƙoƙo a gefensa, duk na manta ta sai ya jefa tsakuwa. Ƙarar tsakuwar kawai zan ji. Kafin wata ya ƙare ƙoƙon ya cika, ya ce zai kai wa magina. Ke ma kina manta ta, na gani a rubutunki, gado ne. Haka kuma maganar abin da ya wuce. Da na ji ana ƙara ed sai na ɗauka na samu mabuɗin duniya, na yi ta liƙa wa kowane aiki. Ashe akwai masu taurin kai da ke canza kama gaba ɗaya, go ya koma went. Waɗannan ba dabara, sai hadda. Jerinsu na bayan ƙamus ɗin, na sa miki tsinken tsintsiya a shafin. Biyar a rana sun isa.

Wata rana ya tambaye ni shekaruna, na ɗauko maganar daga Faransanci na juye, na ce, "I have twenty-six years." Ya duba ƙarƙashin benci, ya duba aljihuna, ya ce, "Ina ka aje su?" Su ba su mallakar shekaru, I am suke cewa. Kada ki shirya magana da Faransanci a ka sannan ki sa mata rigar Ingilishi, ba ta yi mata daidai. Ki saurari yadda suke faɗa, ki faɗa haka.

Sai ƙananan abubuwa da za su tona miki asiri a takarda. Kalmar I kullum babbar baƙi ce, ko a tsakiyar layi. Sunayen ranaku da watanni da harsuna ma da babban baƙi suke farawa, alhali a lakwal an koya miki akasin haka. Alamar tambaya da ɗigo biyu manne suke da kalmar ƙarshe, kada ki bar musu fili irin na Faransanci. Iyakar abin da na sani ke nan, kin ga ba shi da yawa. Sauran malamanki sun fi ni, in dai kin tambaye su.

Akwai wani kuskuren kuma, wannan ke na yi wa. Da kika shiga kolej kika fara kawo mini aikinki na Ingilishi, da murnarki. Har jan bik, wato jan biro, na saya musamman. Wata rana kin rubuta labarin tabki, yadda masunta ke fitowa da hantsi, da yadda mahaifiyarki ke ɗaga kunnen kifi ta duba kafin ta saya. Na bi shi layi layi na zagaye kowane kuskure, na buga tebur na ce, "Wannan rubutu ne ko tonon kaza?" Ban ce miki labarin ya yi kyau ba, alhali ya yi, har yau ina tuna shi. Mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta, ta ce mini, "Malam, ɗiya ta fa, ba takardar duwan ba." Na yi mata banza. Daga ranar ba ki sake kawo mini aikinki ba, kuma daga ranar "na gane, Baba" ta shiga bakinki.

Ba ke nake yi wa faɗa ba a ranar, kaina nake yi wa, amma ina yarinya ƴar shekara goma sha biyu za ta san haka? Ni da na fi kowa sanin abin da kunyar tambaya ke jawowa, ni na dasa miki ita da hannuna. Ki yafe mini. In kin haɗu da malami mai zafi irina, ki ɗauki gyaran ki bar masa zafinsa. In kuma wata rana ke ce mai gyara wa na ƙasa da ke, ki fara da abin da ya yi daidai.

A shekara ta biyu da fara karatuna na iya karanta takardar Illa. Ni kaɗai, a bakin tabki ƙarƙashin wani gawo, da ƙamus ɗin nan da kika bari a kan tabarma. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta rubuta. Layi shida ne. Ta ce ɗan'uwanka ba shi da lafiya ƙwarai. Yana asibitinmu. Kullum yana kiran mahaifiyarsa. In ba za ta iya zuwa ba, kai ka zo. Ka zo da wuri. Sannan ta rubuta sunan garin da na tashar da za a sauka da manyan baƙaƙe. Babu kalma mai wuya ko guda. Baiwar Allah ta san ƙila wanda zai karanta bai iya sosai ba, shi ya sa ta gajarta kowace jimla ta rufe ta da aya. Ta yi iyakar ƙoƙarinta. Mushe Yohanna da zai karanta mini ita kafin ruwan shayinsa ya tafasa, kuma kwana biyu ne a mota.

Ban san sunanta ba, hannu kawai ta sa. Amma ke aikinta kika je koyo, don haka ki yi rubutu irin nata. Kada ki nemi manyan kalmomi don a ce kin iya. Gajeriyar jimla, kalmar da kowa ya sani, aya a wurinta. Ki tuna can a wani ƙauye akwai mai karantawa irina, ga tsohuwa ta zuba masa ido.

Jiya bayan la'asar na ɗauko takardar daga ƙasan akwatina. Ninkin har ya fara cinye ta. Tun ranar da na ga kin ninke taki nake juya abin a raina, na ga ba ni da bakin ce miki ki faɗi gaskiya alhali tawa na cikin akwati. Na samu Inna a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa. Na zauna a ƙasa na ce, "Inna, takardar Illa ta waccan shekara, ban karanta miki daidai ba. Ban iya ba a lokacin, na ji kunyar mutane, na ƙaga." Ta tsaya da ɓarar. Na karanta mata layi shidan nan da Hausa, ban rage ba, ban ƙara ba.

Ta ture gyaɗar gefe. Can ta ce, "Sake wurin nan." Na san wurin da take nufi. Na ce, "Kullum yana kiran mahaifiyarsa." Ta ce, "Sake." Sau uku na karanta mata shi. Sai ta ce, a hankali, ba da ni take ba, "Ashe ya kira ni. Shekara talatin ina jin haushin yaron ga a banza." Ta miƙo hannu na ba ta takardar, ta ɗaure ta a bakin zane. Ta ce, "Tashi ka ba ni wuri." Na tashi. Ba ta ci tuwo ba, ni ma ban ci ba. Gidan da nake ce miki ya yi shiru, jiya na san shiru.

Ban sani ba ko ta yafe mini. Ban tambaya ba, ba ni da wannan bakin tukuna. Yau da hantsi dai ina zaune ina rubutun nan ta fito da sandarta, ta tsaya a kaina ta ce, "Wa kake rubuta ma?" Na ce takwararta. Ta ce, "To ka ce mata in ciwo ya kama ta, ta hwaɗi da bakinta, ni za ta kira. Kuma ka rubuta yadda nac ce." Ga shi na rubuta yadda ta ce.

Allah ya buɗa miki karatun nan, ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga bayinsa. Allah ya kiyaye fitarki da shigarki, ya tsare ki a hanya da masauki, ya dawo mana da ke lafiya, ya sa ki tarar da mu. In kin samu sarari ki rubuto mini, da Hausa ko da Ingilishinki yadda yake, ko ba aya ko ɗaya zan karanta, in haki ya kama ni in huta in ci gaba. Jan bik ɗin na daɗe da jefar da shi. In kuma akwai wurin da ba ki gane ba, a aji ko a cikin takardar nan, ki kira ni ki ce, "Baba, ban gane ba." Maganar da nake jira ke nan.

Wassalam. Mahaifinki mai kewarki,
Lawali